Wa Ya Isa Baƙi? Tarihin Wata Gardama a Dandamalin Barkwancin Amurka

A farkon shekarar 1894 aka buɗe wani gagarumin baje koli a birnin San Francisco na ƙasar Amurka. Cikin abubuwan da aka yi wa jama'a alkawarin gani har da wani ƙauye na mutanen Dahomey, daular da Faransawa suka gama murƙushewa a daidai wannan lokaci, wadda ƙasarta take cikin Jamhuriyar Benin ta yau. Ranar buɗewa ta zo, baƙin ba su iso ba. Masu shirya bikin ba su ga dalilin yin asara ba, sai suka ɗauki waɗansu samari baƙar fata na cikin gari, suka tufatar da su da fatu da gashin tsuntsaye, suka ce su zauna a bukkoki a matsayin 'yan Afirka. Biyu daga cikinsu su ne George Walker, ɗan jihar Kansas, da Bert Williams, wanda aka haifa a Nassau ta tsibiran Bahamas a 1874. Da 'yan Dahomey na ainihi suka sauka, aka sallami na jabu. Walker ya rubuta daga baya cewa a nan ne shi da abokinsa suka fara ganin mutanen Afirka ido da ido, kuma sun daɗe suna zuwa suna kallonsu.

Daga wannan ɗan aikin wucin gadi har zuwa mutuwarsa, sana'ar Bert Williams ita ce kwaikwayon wani baƙin mutum da ba shi ba. Tambayar da har gobe ake jifan 'yan barkwanci da 'yan siyasa da ita a Amurka, wato ko wane ya cika baƙar fata ko bai cika ba, ana iya bin sawunta har zuwa kansa.

Sai an dubi yadda dokar Amurka ta raba mutane kafin a ga ma'anar tambayar. A yawancin jihohin kudu, wanda duk aka samu ɗigon jinin Afirka a zuriyarsa baƙi ne, komai hasken fatarsa. Homer Plessy, wanda shari'arsa ta sa Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata a 1896, kashi bakwai cikin takwas na asalinsa Turawa ne. Jihar Virginia ta mayar da wannan ƙa'ida doka a 1924. Walter White, wanda ya jagoranci ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP har zuwa 1955, idanunsa shuɗaye ne, gashinsa kuma irin na Turawa. Da yake doka ta tara mutane masu launi iri-iri a kwando ɗaya, launin fata ya daina isa ya zama ma'auni a tsakaninsu. Sai ma'aunin ya koma kan harshe, da tafiya, da kiɗan da mutum yake ji, da unguwar da ya tashi.

Matsalar ita ce wa ya fara zana wannan hoto na yadda baƙin mutum yake magana da tafiya. A dandamali dai Turawa ne suka zana shi. Wajen 1830 wani Bature mai suna Thomas Dartmouth Rice ya yi suna da shafa baƙi a fuska yana rawa da waƙa a matsayin wani bawa mai suna Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariya gaba ɗaya. A 1843 wata ƙungiya mai suna Virginia Minstrels ta mayar da abin cikakken wasa a New York, kuma cikin 'yan shekaru ya zama nishaɗin da ya fi kowane karɓuwa a ƙasar. Ana ƙona toshin kwalba a shafa baƙinsa a fuska, a zagaye baki da fari ko ja don leɓe ya yi girma, a lanƙwasa Turanci. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban mai fafutuka, ya la'anci masu wannan wasa a jaridarsa tun 1848. Bayan yaƙin basasa, da baƙar fata suka sami damar hawa dandamali, sai suka tarar 'yan kallo sun riga sun san abin da suke so su gani. Wanda bai yi kama da hoton ba, ba a ɗauke shi baƙi na gaske ba.

Williams dogo ne, mai hasken fata, mai yawan karatu, kuma Turancinsa na wanda ya tashi a tsibiran da Ingila ke mulka ne, sannan ya yi makaranta a California. Ya faɗa da kansa cewa karin harshen baƙaƙen kudancin Amurka baƙon yare ne a wurinsa, sai da ya zauna ya koye shi kamar yadda ake koyon na Italiya. Shi da Walker sun tallata kansu da suna "Two Real Coons". Kalmar ƙarshe zagi ce, amma nauyin tallan yana kan ta tsakiya: mu ne na gaske, sauran na jabu ne. Walker bai shafa baƙi ba; shi ne ɗan gayu mai ado da baki. Williams ne ya shafa, ya zama mutumin da rashin sa'a ke bi duk inda ya sa ƙafa, mai magana a hankali, wanda ke sa mutane dariya da shirunsa fiye da kalamansa. Wato wanda ake tallatawa a matsayin na gaske shi ne wanda sai ya yi shafe-shafe kuma ya ari harshe kafin ya fito.

Sun yi amfani da damar fiye da yadda ake zato. A watan Fabrairun 1903, watan da sojojin Ingila suka ci Kano, suka buɗe wasansu mai suna In Dahomey a Broadway, cikakken wasan waƙa na farko da baƙar fata suka rubuta suka kuma yi a ɗaya daga cikin manyan gidajen wasan wannan titi. Will Marion Cook ne ya tsara kiɗan, mawaƙi Paul Laurence Dunbar na cikin waɗanda suka rubuta baitocin. Wasan ya ƙetara Landan, har aka gayyace su fadar Buckingham a watan Yuni. 'Yan kallon Landan sun nemi a ƙara musu rawar cakewalk, wadda a ganinsu ita ce rawar baƙar fata ta asali. Asalin rawar kuwa, bisa abin da tsofaffin bayi suka ba da labari, kwaikwayo ne da bayi ke yi na taƙamar iyayen gijinsu a wurin rawa. Turawa sun yi shekaru suna tafa wa shaguɓen da ake yi musu.

Suna bai kare su daga komai ba. A tarzomar launin fata da aka yi a New York a watan Agustan 1900, gungun Turawa sun bi tituna suna kiran sunayen fitattun 'yan wasa baƙaƙe, kuma Walker da ƙyar ya sha. Bayan rashin lafiya ta kwantar da Walker, Williams ya shiga Ziegfeld Follies a 1910, shi kaɗai baƙi cikin taurari Turawa, waɗansunsu ma sun nemi a kore shi. Yana cikin masu karɓar albashi mafi tsoka, amma a otal sai ya hau ta lifta ta kaya. A ɗaya ɓangaren kuma waɗansu marubuta a jaridun baƙar fata suna zarginsa da barin jama'arsa ya koma yi wa Turawa wasa, da kuma riƙe toshin kwalba bayan lokacinsa ya wuce. Booker T. Washington ya yabe shi, yana ganin ya buɗe ƙofofin da wa'azi bai buɗe ba. Abokin aikinsa W. C. Fields ya bayyana shi da cewa bai taɓa ganin mai ban dariya kamarsa ba, bai kuma taɓa sanin mai baƙin ciki kamarsa ba. Ya faɗi a kan dandamali a Detroit, ya rasu a New York a watan Maris na 1922, yana da shekara 47.

Abin da ya sa hukunci a kan Williams yake da wuya ya fito fili kusan shekara sittin bayan mutuwarsa. A watan Janairun 1981, a bikin rantsar da Shugaba Ronald Reagan, ɗan wasa Ben Vereen, wanda duniya ta sani a fim ɗin Roots, ya fito da baƙi a fuska don tunawa da Williams. Wasan kashi biyu ne. A na farko ya yi rawa da waƙa irin ta da. A na biyu ya nuna Williams yana ƙoƙarin saya wa masu tafa masa abin sha, mai shago ya hana shi saboda launinsa, sannan ya zauna yana goge fuskarsa yana rera "Nobody", waƙar da aka fi sanin Williams da ita. Tashar ABC ta watsa kashi na farko, ta yanke na biyu. Abin da miliyoyin mutane suka gani shi ne baƙin mutum yana wasan bayi a gaban shugaban da yawancin baƙar fata ba su zaɓa ba. Vereen ya sha tsangwama daga jama'arsa shekaru da yawa. Wasan bai canza ba, abin da aka bari a gani ne ya canza, kuma wannan ya isa ya mayar da suka ta zama fadanci.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba. Abin da Bafillace zai gaya wa Babarbare a yi dariya, ko Bagobiri ya gaya wa Bayarabe, idan baƙo ya faɗe shi faɗa ne. Dangantaka ce ke ba da izini. Baƙaƙen Amurka suna da nasu fagen da ake yin irin wannan wasa: jerin gidajen rawa da na wasa na baƙar fata zalla a lokacin wariya, da gidan Apollo na unguwar Harlem, inda irin su Moms Mabley da Redd Foxx suka gina sunansu. Pigmeat Markham ya ci gaba da shafa baƙi a gaban 'yan kallo baƙaƙe har cikin shekarun 1940, suna kuma dariya. Rigima tana tashi ne idan wasan cikin gida ya fita waje. Shirin Amos 'n' Andy, wanda Turawa biyu suka fara a rediyo a 1928, yana da masu saurare da yawa a gidajen baƙar fata. Da aka mayar da shi talabijin a 1951 da 'yan wasa baƙaƙe, NAACP ta yaƙe shi, aka daina sabon shiri a 1953, aka janye tsofaffin a 1966. 'Yan wasan da suka rasa aiki ba su gode wa ƙungiyar ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukar wannan laifi shi ne Lincoln Perry, da aka sani da Stepin Fetchit, wanda ya yi arziki a Hollywood a shekarun 1930 yana fitowa a matsayin malalacin bara mai jan ƙafa. A zahiri mutum ne mai ilimi da ke rubutu a jaridar Chicago Defender, kuma iyayensa, kamar Williams, daga yankin Karibiyan suka fito. A 1968 tashar CBS ta yi wani shiri kan tarihin baƙar fata inda aka nuna finafinansa a matsayin misalin ƙasƙanci. Perry ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Mai gabatar da shirin shi ne Bill Cosby.

A nan ne zargin ya juya fuska. Har zuwa wannan lokaci laifin ɗan barkwanci shi ne ya yi baƙi irin wanda Bature ke so. Da zamanin fafutukar 'yanci da kiran alfahari da baƙar fata ya zo, sai aka sami sabon laifi, wato rashin nuna baƙin sosai. Dick Gregory, wanda ya shiga gidajen wasan Turawa a 1961 yana yi musu shaguɓe kan wariya a gabansu, ya zama ma'auni. Cosby ya zaɓi wata hanya: labaran ƙuruciya da na iyali, babu maganar launi. Richard Pryor ya fara ne da kwaikwayon Cosby, har a 1967 ya tsaya a gaban 'yan kallo a otal ɗin Aladdin na Las Vegas, ya dube su, ya sauka ya tafi. Da ya dawo, ya dawo da muryoyin unguwar da ya tashi a Peoria, mashaya da karuwai da masu wa'azin titi, da kuma kalmar zagin nan da Turawa ke jifan baƙar fata da ita, wadda ya sa har a sunayen faifansa. Daga nan aka ɗauke shi a matsayin na gaske. Sai dai a 1979 ya ziyarci Kenya, ya ga ƙasar da baƙar fata ne direba da ɗan sanda da minista, ya dawo ya ce ya bar kalmar. Waɗansu masoyansa suka ce ya yi laushi.

The Cosby Show, wanda NBC ta nuna daga 1984 zuwa 1992, ya kai gardamar ƙololuwa. Uba likita, uwa lauya, gida mai hawa a Brooklyn, yara masu shirin jami'a. Shekara biyar a jere shi ne shirin da aka fi kallo a Amurka. Cosby ya ɗauki likitan ƙwaƙwalwa na Harvard, Alvin Poussaint, yana duba rubutun don kada wani tsohon hoto ya kutso. Duk da haka an ce iyalin Huxtable Turawa ne da baƙar fuska. Wannan zargi ba shi da ƙarfi, domin likitoci da lauyoyi baƙaƙe sun daɗe a Amurka, kuma cewa talauci ne shaidar asali wata hanya ce ta karɓar hoton da Rice ya zana. Suka mai nauyi ita ce wadda Henry Louis Gates ya yi a 1989, da wadda Sut Jhally da Justin Lewis suka yi a littafinsu na 1992 bayan hira da masu kallo: shirin yana sa Turawa su ɗauka cewa shinge ya faɗi, wanda duk ya rage a baya laifinsa ne. An nuna kashi na ƙarshe ranar 30 ga Afrilun 1992, birnin Los Angeles na ci da wuta bayan an wanke 'yan sandan da suka doki Rodney King. Cosby da kansa ya koma mai auna wasu a 2004, inda ya caccaki talakawan baƙar fata kan sunayen 'ya'yansu da Turancinsu. Bayan shekara goma wani ɗan barkwanci, Hannibal Buress, ya tuna masa a dandamali da zarge-zargen fyaɗen da ke kansa, reshe ya juye da mujiya. An ɗaure shi a 2018, kotu ta soke hukuncin a 2021 bisa dalilin ƙa'idar shari'a.

Barkwancin da ya biyo baya ya mayar da tambayar kanta abin wasa. A 1993 shirin The Fresh Prince of Bel-Air ya nuna wata ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta ƙi karɓar Carlton, ɗan alƙali mai kuɗi, don wai ya sayar da kansa. Amsarsa ita ce baƙar fata ba abin da yake ƙoƙarin zama ba ne, abin da yake ne. A 2004 Paul Mooney ya yi wa Wayne Brady ba'a a shirin Dave Chappelle cewa Turawa na son sa ne don ba ya tsorata kowa, sai Brady ya zo shirin ya fito a matsayin ɗan daba mai kisa, abin dariyar kuwa shi ne sai da ya yi haka aka yarda da shi. Chappelle da kansa ya faɗa ramin a 2005. Yana ɗaukar wani wasa da ya shafa baƙi a fuska don ya yi wa tsohon hoton ba'a, sai ya ji wani Bature cikin ma'aikata yana dariya irin wadda ba ta kwanta masa ba. Ya bar kwantiragin dala miliyan 50, ya tafi Afirka ta Kudu. Aka yi ta cewa ya haukace, alhali abin da ya dame shi ya girmi talabijin: mai wasa yana da iko da abin da ya faɗa, ba shi da iko da dalilin da ya sa aka yi dariya.

Siyasa ma ta ɗauki salon. Barack Obama ya sha kaye a zaɓen fid da gwani na majalisar wakilai a Chicago a 2000 a hannun Bobby Rush, tsohon ɗan ƙungiyar Black Panther, a yaƙin neman zaɓen da aka yi ta nuna shi a matsayin ɗan Harvard da bai san unguwa ba. A 2007 marubuciya Debra Dickerson ta ce shi ba baƙi ba ne a ma'anar Amurka, tunda mahaifinsa ɗan Kenya ne, ba jikan bayi ba. Keegan-Michael Key da Jordan Peele, waɗanda dukansu iyayensu mata Turawa ne, sun gina shirinsu na 2012 zuwa 2015 a kan wannan tsaka mai wuya, suka ƙirƙiro Luther, tafintan da ke fassara natsuwar Obama zuwa fushin da ba a yarda shugaba baƙi ya nuna ba. Obama ya gayyaci Luther ya tsaya a bayansa a liyafar 'yan jaridar fadar White House a 2015.

Maganar Dickerson ce ta fi shafar 'yan Afirka da ke can, kuma ba ta rasa tushe. A 2004 Gates da Lani Guinier sun ja hankali cewa mafi yawan ɗalibai baƙaƙe a Harvard baƙin haure ne, ko 'ya'yansu, ko 'ya'yan auren gauraye. Gurbin da jikokin bayi suka sha duka da ɗauri kafin a buɗe, waɗansu ne ke cika shi. Ɗan Najeriyar da ya sauka da digirinsa yana ganin launi bai taɓa hana shi komai ba, yakan manta wa ya biya kuɗin ƙofar. Wanda ya ce masa bai isa baƙi ba kuma yakan manta cewa ɗan sandan da ke tsayar da mota ba ya tambayar asali. 'Yan barkwanci irin su Yvonne Orji, haifaffiyar Fatakwal, da Trevor Noah, wanda aka haifa a Johannesburg a 1984 lokacin da haɗuwar iyayensa laifi ce a doka, suna cin abinci ne daga wannan rata.

A 2017 Jordan Peele ya fitar da Get Out, fim ɗin tsoro mai cike da ba'a, kan Turawa masu son baƙar fata har suna son su mallaki jikinsa. Jarumin fim ɗin, Daniel Kaluuya, haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Uganda. Samuel L. Jackson ya faɗa a wata hirar rediyo cewa yana tunanin yadda fim ɗin zai kasance da ɗan Amurka ne ya yi shi, wanda ya san abin a jikinsa. Kaluuya ya amsa cewa a Ingila ana ce masa ya cika baƙi, a Amurka kuma ana ce masa bai kai ba, kuma yana jin haushin a ce sai ya baje wahalhalun da ya sha kafin a yarda da shi. Fim ɗin ya ba Peele lambar Oscar ta rubutun labari na asali a 2018, baƙar fata na farko da ya ci wannan rukuni, Kaluuya kuma ya shiga jerin 'yan takarar gwarzon jarumi.